Albasa Bakwai a Cikin Kasko

Mai tabarma ya shimfiɗa, mai buzu ya karkaɗe, wanda ba shi da ko ɗaya ya zauna a kan takalminsa. Ni ne Cindo ɗan Nomau, mai lambun bakin rafin Tungar Marke, mai yatsa shida a hannun hagu, wanda ya taka duniya huɗu ban da wannan da kuke zaune a kai, ya dawo ko hula bai yar ba. Wanda ya yarda, Allah ya saka masa. Wanda bai yarda ba ya je ya tambayi Jatau, ko da yake shi ma maƙaryaci ne.

Babana yana da wata jar albasa da babu irinta a ƙasarmu. Jar Nomau ake ce mata. In aka yanka ta a gidanmu, maƙwabta sai sun share hawaye. Kowace shekara Baba yakan ware kawuna ashirin ya bar su su yi fure, ya tara iri. Da ya rasu lambu ya dawo hannuna, ni ma na ware ashirin ɗin. Sai dai akwai mai tsire a bakin kasuwarmu, kuma tsire ba albasa zalunci ne. Kullum in ɗauki ɗaya in ce ai saura da yawa. Ranar da na sa hannu a kwando na ji tafina ya taɓa ƙasa, ranar na san na yi ta'asa.

Gwaggo Tabawa, yayar Baba, ta aika a kira ni. Na tarar da ita a kan tabarma, ta tsufa har kunnuwanta sun yi mata yawa. Ta kwance haɓar zaninta, ga wani ɗan baƙin iri, bai cika cokalin shayi ba.

Ta ce, "Cindo, wannan Nomau ya ba ni shekarar da ya rasu. Duk duniya shi ya rage. In ka kashe shi, ka kashe shi ke nan. Ina so in sake jin warinta a miya kafin a kai ni inda aka kai shi."

Na ce, "Gwaggo, ki sa a ranki kin ci."

Ta ce, "Haka ka ce wa kwandon."

Na ɗebi ƙasar lambu a kasko na yafa irin. Da yake ya kwana biyu, bakwai kaɗai suka fito. Bakwai, sirara kamar gashin gemun ɗan akuya.

To, lambun Jatau yana jikin nawa. Ɗan Gwaggo ne, taubashina, ba ya ganina bai tsokane ni ba. Wata rana da hantsi na zauna gindin jigo ina yi masa ƙorafi. Na ce, "Ni fa ba ni da laifi. Duniyar ce ba a tsara ta don mai lambu ba. Ruwa nauyi, rana zafi, kana cikin aiki dare ya kore ka, ƙasa kuma duk tsutsa da ƙwaro."

Jatau ya ce, "Bawana, kai da kake fara aiki da hantsi ka tashi kafin azahar, yaushe dare ya taɓa samun ka a lambu?"

Ban kula shi ba, don ina da dabara. Kun san jigo: dogon itace a kan gwafa, guga a gaba, dunƙulen laka a baya, lakar ce take taimaka maka ɗago ruwa. Na ce in laka kaɗan tana rage wahala, laka da yawa za ta kashe ta gaba ɗaya. Na cire guga na ɗaura masaki, ƙatuwar ƙwaryar nan. Na yi kwana uku ina lafta laka a baya har ta kai girman rumbu, gaban kuwa na ɗaure shi da igiya a turke. Na shiga cikin masakin in ƙara ɗaure bakinsa, kasko a cinyata, don akuyar Jatau tana ta kallon sa. Da ta ga ba ta samu albasa ba, sai ta huce a kan igiya, ta tauna har ta tsinke.

Abin da na ji na ƙarshe shi ne muryar Jatau daga can ƙasa yana cewa in gaishe su.

Na wuce shirwa, na wuce gajimare, na ga garinmu ya koma kamar tabon mai a riga. Can na sauka a wata 'yar ƙasa, saukar kuwa a hankali kamar gashin kaza. Mutanenta dogaye ne sirara kamar karan dawa, kowa da duwatsu cike da aljihu. Wani tsoho mai suna Santalo ya kama ƙafata, don ina taka ƙasa ina tashi sama, ya cusa mini duwatsu a aljihu, ya miƙo mini gora. Na ɗauka ruwa ne. Ashe iska ce a ciki. Su can iska ake ba baƙo.

Ya ce, "Sannu da faɗowa. Shaƙi, amma ban da zari, ta baƙi uku ce."

Da numfashina ya dawo na ga wani dutse ya kai jaki, na sa ɗan yatsana na shida na ɗaga shi. Na ce Alhamdu lillahi, na zo gida. A nan mutum zai yi ban ruwa yana gyangyaɗi. Na tona rami na dasa biyu, na roƙi ruwa, aka kawo mini a tulu an liƙe bakinsa da danƙo. Ina zubawa ya hau tafasa, ba wuta ba murhu, kafin in ƙifta ido ya ɓace.

Na ce, "Baba, wa ya shanye?"

Ya ce, "Sama. Ƙasarmu ƙarama ce, ba ta da ƙarfin riƙo. Abin da ya hana dutse yi maka nauyi, shi ya hana ruwa da iska zama. Taku tana riƙe ruwa?"

"Har ya yi yawa. Bayana shaida ne."

"Iskar fa, a wane irin gora kuke ajiye ta?"

Na ce, "Ba ma ajiyewa. Tana nan dai ko'ina. Jaki ma shaƙa yake, ba ya ko godiya."

Tsohon ya daɗe yana kallona, sannan ya ce bai kamata baƙo ya yi wa dattijo ƙarya ba. Na waiwaya in nuna masa albasata, na ga biyun nan sun bushe sun zama tsinken sakace. Saura biyar. Na cusa kasko cikin riga, na kife masaki a ka, na zazzage duwatsun aljihuna, na yi tsalle ɗaya. Ban sake ganin Santalo ba. Goransa kuwa na manta ban mayar ba.

Ƙasa ta biyu tana da nauyi daidai, sai dai ta yi nisa da rana. Ranarsu kamar ƙwayar gero take a sama, tana haske ba ta ɗumi. Na ce to, ga inda ba zufa. Ban gama faɗa ba haƙorana suka fara kiɗa. Kogi gare su babba, amma da gatari ake ɗiban sa, da shi ma suke gina ɗaki. Can bayan gari akwai wani rami da yakan yi tsartuwa sama lokaci lokaci, suna ce masa Atishawar Ƙasa, ba mai zuwa kusa.

Mutanen gajeru ne masu gashi, komai nasu a hankali. Da suka ga tururi na fita daga bakina sai suka kewaye ni, suka kai ni gaban Magajiyarsu. Ta ɗora tafinta a goshina, ta lumshe ido, ta ƙi ɗaukewa.

Ta ce, "Daga yau wannan ne murhun gari."

Aka zaunar da ni tsakiyar fada. Masu jin ɗumi a gaba, masu jin ɗumi a baya, wasu kuma su kawo dunƙulen ƙanƙara su sa mini a hammata su tara ƙoƙo a ƙasa. Ni Cindo, ɗan Nomau, da raina na zama tukunyar ruwan zafi. Kasko yana manne da cikina, shi ya ceci albasar. Ɗaya ce ta leƙo ta wuyan riga, na taɓa ta, ta karye ƙas kamar kwalba. Saura huɗu.

Na ce, "Ranki ya daɗe, a ba ni izini in wuce. Ina da gwaggo tana jira na."

Ta ce, "Ita ma da ɗumi?"

"Da sauran kaɗan."

"A je a zo da ita."

Na ga in na ƙara zama, cikina ma zai huce, huɗun su bi 'yar'uwarsu. Na sa hannu a riga na laluba wadda ta fi ƙiba. Wallahi sai da na ce, "Baba, ka yafe mini," sannan na tuge ta. Na ce wa Magajiya ga turaren ƙasarmu, kowa ya matso ya buɗe ido da kyau. Suka matso. Na murtsuke ta a tafin hannu na hura musu. Jar Nomau ko tana jaririya ba ta wasa. Hawaye ya zubo musu, su da ba su taɓa kuka ba, yana zubowa yana daskarewa, fatar ido ta manne da ta ido. Na bar su suna laluben juna, Magajiya tana tambaya wa ya kashe rana. Na ruga bayan gari, na ɗora masaki a bakin ramin nan na zauna a ciki. Ban daɗe ba ƙasa ta yi atishawa.

Ta uku ba zan daɗe a kanta ba, don ni ma ban san ko na daɗe ba. Ita ba ta juyawa. Gefe ɗaya rana ta kafe, yashi har ja yake yi. Ɗaya gefen duhu ne da sanyi. Mutane suna zaune a kan layin tsakiya, garinsu gida ɗaya ne a faɗi, tsawonsa kuwa ba iyaka. Iska tana busowa daga duhun nan ba hutawa, shi ya sa kowa a karkace yake tafiya. Na tambayi wani karkataccen mutum yau wace rana.

Ya ce, "Yau ce."

"Gobe fa?"

"Wace ce gobe? 'Yar garinku ce?"

Na dasa ukun a kan layi. Ba dare balle ya kore ni, ga rana a tsaye wajen la'asar. Na yi sallar la'asar har na rasa ta nawa nake yi. Gemuna ya tsiro ya kai ƙirji, albasa kuwa sai lawashi siriri a karkace, ba kai. Sai na tuna Baba ba ya dashe sai gari ya fara sanyi, yakan ce tana lura da tsawon yini kafin ta yi kai. A nan me za ta lura da shi? Na ce bari in matsar da ɗaya wajen rana taku ɗaya, ko ta farka. Ta farka kam. Sai ƙauri na ji. Na tone biyun na mayar kasko, na koma masaki, na buɗe babbar rigata, iskar nan ta yi sama da ni.

Ta huɗu ita ta kusa cin amanata, don da na sauka na ɗauka Aljanna ce aka manta ba a rufe ba. Rana daidai, iska daidai, ga ruwa yana gudu garau, gari yana wayewa yana rufawa. Ba sauro, ba ƙuda, ba tururuwa. Ƙasa fara tas kamar an wanke ta. Ashe wanke ta ake yi. Kowace safiya mutanen garin sukan fito da tsintsiya da soso, su share, su wanke yashi, su shanya. Shugabarsu wata doguwar mace ce, Uwar Tsintsiya, ko gaisawa za ta yi da kai sai ta sa an ɗauraye ka.

Na ce, "Ranki ya daɗe, me kuke ci a nan? Ban ga ko ciyawa ba."

Ta ce, "Gishirin dutse muke lasa. Ba ya ruɓa, ba ya wari."

Na dasa ɗaya a farin yashin, na ba ta ruwa safe da yamma, aikin da ban taɓa yi wa lambuna ba. Kwana huɗu ta yi rawaya. Na zagaya gari ina neman taki, ko kashin akuya guda, ko ruɓaɓɓen ganye. Da na yi musu bayanin mene ne taki, mata biyu suka suma. Washegari na tarar an tuge albasar, an wanke saiwarta da soso, an mayar. Wai sun ga datti a jiki. Kafin azahar ta kwanta.

Saura ɗaya, ita kuwa tana cikin kasko, kore shar. Ina zaune ina mamakin abin da ya raba ta da 'yar'uwarta sai na ga ƙasar kaskon ta motsa. Tana ce, tsutsar nan ta ƙasa, ta fito da kai. Tun daga Tungar Marke take tare da ni, ta sha sanyi ta sha zafi, tana ta juya 'yar ƙasar nan tana yi mata taki. Ni da nake raba irinta biyu da fartanya don nishaɗi. Na ce, "Sannu, Hajiya. Ashe tare muke."

Wata mai shara ta hango ta. Kafin ka ce me, an kai ni gaban Uwar Tsintsiya, ni da kasko. Ta toshe hanci ta yanke hukunci: a ƙone tsutsar, a wanke ƙasar kaskon sau bakwai, ni kuma a jiƙa ni kwana uku.

Gabana ya faɗi, amma bakina bai faɗi ba. Na ce, "Ranki ya daɗe, hukunci ya yi. Sai dai in kin ƙone ta, tokar a ina za ta zuba? In kin wanke ƙasar, ruwan wankin ina zai bi?"

Na ga maganar ta shige ta.

Na ce, "Mu a garinmu, ƙazanta irin wannan ba ma barin ta taɓa ƙasa. Cilla ta muke yi sama. Akwai abin da ake yi da shi, jigo sunansa. In kin ba ni dogon dutse da gwafa zan haɗa miki."

"Wa zai riƙe kaskon har a cilla? Mutanena ba za su taɓa ba."

Na sunkuyar da kai na ce, "Tunda ni na kawo, ni zan ɗauki wannan wahala."

Ta ce ashe ina da sauran tarbiyya. Na haɗa jigo. Laka babu a garin, don haka na ce duk su hau bayan, ita ma ta hau can ƙarshe don ta fi kowa daraja. Na shiga masaki, na rungume kasko, na ce wa mai riƙe da igiya ya saki. Ina sama ina hango su sun zube a kan juna, sun tashi sun hau share wurin da na zauna.

Wannan karon da fuska na sauka, cikin taɓo. Na ɗago kai na ji wari: ruɓaɓɓen ganye, kashin shanu, danshi. Ban taɓa jin ƙamshi irin wannan ba. Na ja iska har ƙirjina ya yi ƙara, ba wanda ya ce ta baƙi uku ce. Na ɗebi ruwa a tafi, ya zauna, bai gudu ba, bai zama dutse ba. Rana tana dukan ƙeyata daidai yadda mutum zai jure. Na damƙi ƙasa, baƙa wuluk, ga tana har guda uku a dunƙule ɗaya. Ga ƙudan zuma suna ta hidima a kan furen ciyawa. Ciyawar kuwa ta fi ni tsawo, ko'ina ta rufe.

Na ce, "Ikon Allah. Duniya ta biyar, ita ce mai kyan. Amma wane malalacin banza ne ya samu wuri irin wannan ya bar shi haka? Wannan ko a ina yake a kamo shi a yi masa bulala. Wannan ba ɗan halak ba ne a noma."

Sai na ji an ce daga bayan shinge, "Ci gaba, bawana, ina jin ka. Mai wurin ma yana jin ka."

Na waiwaya. Jatau ne, ya ɗora haɓa a kan shinge, akuyarsa a gefe tana tuƙa. Bayansa ga karyayyen jigona, ga tulin laka ciyawa ta tsiro a kai.

Na ce, "Gwaggo fa?"

Ya ce, "Damina guda ta wuce ba ka nan. Tana nan. Ta ce ba inda za ta sai ta ja kunnenka."

A ranar na nome wurin, na yi fangali ɗaya, na dasa ta a tsakiya, na saki tanar a gindinta. Na gyara jigo da laka daidai ƙarfina. Ruwan yana nan da nauyinsa, ban ce masa komai ba. Ta kama, ta yi kai ja jawur kamar dunƙulen hannu. Mai tsire ya ga na daina bi ta gabansa har ya aiko a duba ko lafiya.

Sai jikin Gwaggo ya motsa, ta kwanta. Na je na durƙusa na ce, "Gwaggo, ta nuna. Bari in tugo ta a yi miki miya yau."

Ta buɗe ido ɗaya. "Guda nawa ce?"

"Ɗaya."

"In na ci, iri fa?"



Ta ce, "Kai dai ba ka da magani. Da ka cinye da kanka, yanzu kuma za ka cinye da bakina. Bar ta ta yi fure. Ni zan jira."

"In kuma ba ki kai ba?"

"To ka kai wa jikokina."

Na bar ta. Ta fitar da tsiri, ta yi farin fure kamar hular jariri, ƙudan zuma suka zo suka yi ta shige da fice, ni kuwa ina gefe ina korar akuyar Jatau. Irin da na samu ya cika ƙoƙo. Kowace safiya kafin in je lambu sai na leƙa ɗakin Gwaggo, in ta ji motsina ta ce, "Ban tafi ba, je ka yi aikinka." Da sanyi ya zagayo na yafa, na dasa fangali goma sha biyu. Ranar da na cire, ashirin na fara warewa, na kai ɗakin Jatau na ce ya kulle, ko na zo ina kuka kada ya ba ni.

Sannan na ɗauki mafi girma na kai wa Gwaggo. Aka tashe ta zaune, aka jingina ta da bango. Ta ce a ba ta wuƙa, ita za ta yanka. Ta raba ta biyu. Can bayan katanga muka ji matar maƙwabci ta yi atishawa tana cewa, "Wa ya dawo da Nomau?"

Gwaggo ta kai rabin ga hancinta, ta daɗe tana shaƙa. Hawaye yana bin kumatunta yana ɗiga a zani.

Na ce, "Gwaggo, kuka kike?"

Ta ce, "Albasa ce, shashasha. Matso da kunnen nan."

Na matsa. Ta kama, ta riƙe, ba ta ja ba.